Yadda ake gasa garin ZnO (zinki oksayid) a lab, da abin da zafi ke yi wa kiristal ɗinsa

Duk wanda ya taɓa yin furojet a kan ƙananan ƙwayoyin semikondakta ya san layin nan da ake ta kwafa daga takarda zuwa takarda, wai a gasa samfur a 500 °C na awa biyu. Ɗalibi ya kwafa ya kai wa sufabaiza, malam ya sa hannu, a jefa gari cikin fanes, shikenan. Ni ba ni da rigima da 500 ɗin, sau da yawa ma yana aiki, rigimata ita ce mutum ya fito daga lab bai san me ya samu ba kuma bai san me ya rasa ba cikin awa biyun nan, alhali gashi ciniki ne, kana karɓar kiristal mai tsari mai ƙarancin tabo, kana biya da ƙanƙantar ƙwayar da faɗin samanta, wato abin da ya sa tun farko ake ce mata nano. Zan yi bayanin da ZnO saboda shi ne ya fi sauƙin samu da arha kuma ba shi da dafi irin na kadmiyam, daga baya in taɓo TiO2 (titaniyam dayoksayid) da CdS (kadmiyam salfayid).

Me ke faruwa a cikin kaskon

Garin da ka haɗa daga gishirin zinki da ruwan NaOH, ka tace ka busar, ba zallan ZnO ba ne, akwai ruwa maƙale a jikinsa, akwai ragowar asitet ko naitiret, wani lokacin ma wani kaso nasa Zn(OH)2 ne bai gama juyewa ba. Zafin farko shara kawai yake yi. Ruwa ya tafi wajen 100 °C, Zn(OH)2 ya saki ruwansa ya koma ZnO wajen 125 °C, zinki asitet kuma ya fara rushewa wajen 237 °C, zuwa 300 ko 400 yawancin dattin da ke ƙonewa ya ƙone. A wannan zangon ƙwayar ba ta cika girma ba, atom ɗin da ke zaune a inda ba wurinsu ba ne suke ɗan gyara zama.

Daga nan ne girma ke farawa. Atom ɗin da ke saman ƙwaya ba shi da maƙwabta ta kowane ɓangare, saboda haka makamashinsa ya fi na wanda ke ciki, kuma ƙaramar ƙwaya kusan duk jikinta sama ne, to da zarar zafi ya ba atom ɗin ƙarfin motsi sai su bi hanyar da za ta rage yawan saman. Hanya ɗaya ita ce ƙanana su riƙa zubar da atom manya suna kwashewa har ƙananan su ɓace, abin da aka laƙaba wa sunan Wilhelm Ostwald na Jamus, wanda Lifshitz da Slyozov da Wagner suka yi wa lissafi a 1961. Hanya ta biyu ƙwayoyi biyu da ke manne da juna su yi wuya a tsakaninsu, iyakar da ta raba su ta yi ta matsawa har ɗaya ta haɗiye ɗaya, wannan ita ta fi yawa a busasshen gari. Akwai ta uku da Penn da Banfield suka nuna a 1998 da TiO2, inda ƙwayoyi ke juyawa fuskokinsu su daidaita su manne su zama kiristal guda.

Akwai wani ɗan ƙiyasi da masu aikin katalis ke yi wanda nake ganin ya kamata kowa ya riƙe. Ka ɗauki zafin narkewar abu a ma'aunin Kelbin, a wajen kashi 30 cikin 100 nasa atom ɗin sama ke fara yawo, a wajen rabinsa kuma na ciki ma sun fara. ZnO na narkewa a 1975 °C, wato 2248 K. Kashi 30 ɗinsa ya kama wajen 400 °C, rabi kuma wajen 850 °C. Ka ga dalilin da ya sa yawanci daga 200 zuwa 400 ba ka ganin wani babban canji a girma, amma da ka haura 600 sai abin ya fara gudu. Ƙiyasi ne fa ba doka ba, ƙwayar da ta yi ƙanƙanta sosai takan riga wannan lokacin motsawa.

Kuma wannan sana'a ta sarrafa girma da zafi ba yau ta fara ba. Alexei Ekimov a Leningrad ya zuba kofa kulorayid cikin gilashi, ya riƙa gasa gilashin tsakanin 500 da 700 °C, daga awa 1 har awa 96, ya samu kiristal daga wajen nanomita 2 zuwa 30, ya kuma ga cewa hasken da suke sha yana canzawa da girmansu, ya wallafa a 1981. Aikin nan ne ya kai shi ga kyautar Nobel ta Kemistiri a 2023 tare da Louis Brus da Moungi Bawendi. Fanes ne da agogo da haƙuri.

Kafin ka kunna fanes

Abu na farko, kuma wallahi nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu tun kafin a fara, ka haɗa garinka gaba ɗaya a zubi ɗaya sannan ka raba. Kar ka haɗa na 400 ranar Litinin, na 600 ranar Alhamis da wani ruwan NaOH daban, don in girman ya bambanta ba za ka san ko zafi ne ko haɗin ba. Ka wanke shi sosai da tataccen ruwa da itanol har pH ɗin ruwan wankin ya dawo kusa da 7, ragowar sodiyam ba ya ƙonewa, yana nan zaune kuma zai shiga cikin sakamakonka. Ka busar a 80 zuwa 100 °C, ka niƙa a ɗan turmin lab, ka raba kashi biyar ko shida daidai nauyi.

Kashi ɗaya kar ya ga wuta ko kaɗan. Shi ne shaidarka, da shi za ka gwada sauran, kuma kar ka yi mamaki in XRD, injin da ke duba tsarin kiristal da hasken X-ray, ya nuna tun kafin gashi ya riga ya zama ZnO, hakan na faruwa sosai in an yi haɗin da ɗumi da isasshen NaOH. Sauran ka ba su 300, 400, 500, 600, in fanes ɗin zai iya ka ƙara 800 don ka ga ƙarshen abin da idonka. Lokaci ɗaya ga kowa, saurin hawa ɗaya, irin kasko ɗaya. In kana son ganin tasirin lokaci to wannan wani jerin ne daban, zafi ɗaya, awa 1, 2, 4, 8. Kar ka canza biyun a tare.

In makarantarku na da injin TGA, mai auna nauyin samfur yayin da ake ƙara masa zafi, ka fara da shi, zai nuna maka daidai zafin da nauyi ya daina raguwa, ƙasa da nan ba ka gama shara ba. In babu, sikeli mai kyau ya isa, ka auna kasko da gari kafin gashi da bayan gashi. Zallan Zn(OH)2 in ya koma ZnO yana rasa wajen kashi 18 cikin 100 na nauyinsa, 99.4 ne ke komawa 81.4, to in naka ya rasa kashi 3 kacal ka san tun farko yawancinsa ZnO ne, in ya rasa 30 kuma akwai ruwa ko gishirin da bai wanku ba.

Gashin kansa

Kaskon alumina ya fi, na tangaran ma yana yi in ba za ka yi sama sosai ba. Ka baza garin siriri, kar ka tara shi tsibi, na ƙasan tsibin ba ya samun iska kamar na sama. Ka sa kaskon a tsakiyar fanes kusa da bakin ma'aunin zafin, kowane samfur a wuri ɗaya, saboda lambar da ke kan allo zafin inda ma'aunin yake ne kawai, kusa da ƙofa ya fi sanyi, kusa da wayar da ke jan wuta ya fi zafi, tsohon fanes kuma ba abin yarda ba ne sai an gwada shi da wani ma'aunin daban.

Hawa a hankali, 5 °C a minti ya wadatar ga gari. Daga zafin ɗaki na 30 zuwa 500 kenan minti 94, kuma awa biyunka ba ta fara ƙirguwa sai allo ya kai 500, ba daga lokacin da ka danna makunni ba. In siririn shafe ne a kan gilashi, irin wanda ake yi da sol-jel, wato a shafa ruwan haɗin ya daskare a kai, ka rage zuwa 2 ko 3 a minti, sannan kowane shafi ka fara busar da shi wajen 200 zuwa 300 °C kafin ka ɗora wani, in ba haka ba tururin da ke neman fita zai tsattsaga shi, ka ɗaga gilashin a haske ka ga ya yi hazo-hazo, a madubin ƙara girma kuma duk ya dare. Gilashin silaid na yau da kullum kar ka wuce da shi 500 °C, yana fara laushi kuma sodiyam ɗin cikinsa na kutsawa cikin shafen. In kana buƙatar 700 ko 800 sai gilashin kwaz ko silikon.

Tsakanin zafi da lokaci, zafi ne babba. Lissafin da aka saba amfani da shi shi ne Dⁿ − D₀ⁿ = k₀ t exp(−Q/RT), D girman ƙarshe, D₀ na farko, t lokaci, Q makamashin da atom ke buƙata ya tsallaka, R da k₀ tsayayyun lambobi, n lambar da ta danganta da hanyar da ƙwayar ke girma, T kuma zafi a Kelbin. Mu ɗauka misali kawai Q ɗinka 100 kJ/mol ne, ƙarin digiri 50 daga 500 zuwa 550 zai ninka saurin girma wajen sau biyu da rabi. Lokaci kuwa in n ɗinka 3 ne, ko ka ninka awannin biyu girman ba zai ƙaru da fiye da kashi 26 cikin 100 ba. Shi ya sa fanes ɗin da ke ƙarya da digiri 40 ya fi ɗalibin da ya makara da minti 15 ɓarna.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda ba za ka gan ta a takardun da ake rubutawa a Jamus ko Koriya ba amma mu nan ita ce rabin labarin. In wuta ta tafi kana minti 40 cikin awa biyu, fanes ya sauko 350 kafin a tayar da janareta, wannan samfurin ba "500 na awa biyu" ba ne kuma, ko me ka rubuta a kan kwalbar. Ka rubuta ainihin abin da ya faru a littafinka, ka ajiye shi gefe, ka sake da wani kason, dalili kenan da ya sa tun farko yana da kyau ka haɗa gari da ɗan rara. Ka daidaita da ma'aikacin lab tun da wuri a kan lokacin da janareta ke aiki, ka kuma tambaya ko zai iya ɗaukar fanes ɗin, abin na jan wuta ba kaɗan ba.

In lokaci ya cika ka kashe ka bar shi ya huce a ciki da ƙofa a rufe, har ya sauko ƙasa da 100 ko 150. In ka taɓa leƙa ZnO yana da zafi za ka ga abin mamaki, farin garin nan ya koma ruwan ɗorawa, yana hucewa kuma yana komawa fari tas a gaban idonka. Wannan halinsa ne, bai lalace ba. Amma in ya huce ya tsaya toka-toka ko ruwan ƙasa to kabon ne bai gama ƙonewa ba, ko zafin ya yi kaɗan ko iska ba ta ishe shi ba. Ka sa safar hannu ta zafi da dogon awartaki, da takunkumi lokacin niƙa da juyewa, garin nano ba abin shaƙa ba ne.

Iskar da ke cikin fanes ma tana da nata. A iskar ɗaki ko oksijin, guraben oksijin da ke cikin ZnO na raguwa, yawanci juriyarsa ga lantarki ta ƙaru. A naitirojin ko agon ko inda aka zuƙe iska, guraben na ƙaruwa, ya fi wuce da lantarki. Wannan sai fanes mai bututu, kuma ka bar gas ɗin yana gudana tun kafin hawa har samfur ya huce, in ka rufe shi da zafi iska ta shiga ka yi aikin banza.

Yadda za ka san ya girma

A XRD mai amfani da tagulla, tsawon zangon hasken 0.15406 nm ne, ZnO mai tsarin wurzayit zai ba ka manyan tsini uku a giraf ɗin, a kusurwar da ake kira 2θ, wajen 31.8°, 34.4° da 36.3°, su ne (100), (002) da (101), katin da ake gwadawa da shi JCPDS 36-1451. Abin da za ka gani in ka jera samfuranka shi ne tsinin na ƙara tsayi suna ƙara sirancewa yayin da zafi ke hawa. Daga faɗin nan ake fitar da girma da lissafin da Paul Scherrer ya kawo a 1918, D = Kλ / (β cos θ), K wajen 0.9, λ tsawon zangon hasken nan, β faɗin tsinin a rabin tsayinsa.

Kurakurai biyu ne ke kashe mutane a nan, barin β a digiri maimakon radiyan, da sa 2θ a inda ake son θ. Bari mu yi ɗaya tare. Tsinin (101) a 36.3°, faɗinsa 0.40°. θ kenan 18.15°, cos ɗinsa 0.950, β a radiyan 0.00698. Sama 0.9 sau 0.15406 ya ba da 0.1387, ƙasa 0.00663, D ya fito wajen nanomita 21. Yanzu a ce na 600 °C faɗinsa ya koma 0.20°, kai tsaye za ka ce 42. Amma injin kansa yana da nasa faɗin ko da kiristal ɗin ƙato ne, ana gano shi da samfurin gwaji irin su LaB6 ko silikon, in a ce nasa 0.10° ne, ka cire ta hanyar murabba'i, 0.04 ban da 0.01, tushensa 0.173°, sai D ya koma wajen 48. Ka ga bambancin, kuma yana ƙara muni ne daidai a samfuran da suka fi girma, in an doshi nanomita 100 ma Scherrer ya daina faɗin gaskiya. Saboda haka in za ka tura samfur wani gari a yi maka XRD, ka roƙi mai injin ya haɗo maka da bayanan samfurin gwajinsa da ainihin fayil ɗin lambobi, ba hoton giraf kawai ba, a kuma yi duka samfuran a inji ɗaya da saiti ɗaya.

Wani abin kuma, ba girma kaɗai ke sirantar da tsini ba. Gashi na sassauta matsin da ke cikin kiristal, shi ma matsin yana faɗaɗa tsini, to wani kaso na sirancewar da ka gani daga nan yake. Hanyar Williamson da Hall ta 1953 ce ke raba su, ka zana β cos θ a tsaye, 4 sin θ a kwance, da tsini biyar ko fiye, gangaren layin shi ne matsi, inda ya yanki layin tsaye kuma ya ba ka girma. Sannan abin da XRD ke aunawa kiristal ɗaya ne, abin da SEM, madubin ƙara girma mai aiki da elektiron, ke nuna maka kuwa sau da yawa dunƙule ne na kiristal masu yawa, don haka 25 a XRD da 200 a SEM ba saɓani ba ne.

Ga abin da ka biya. In ka ɗauka ƙwayoyin a mulmule suke, faɗin sama a kowane giram shi ne 6 a raba da nauyin abu a kowane cm³ sau girman ƙwayar, ZnO kuma 5.61 g/cm³ ne. Ƙwaya mai nanomita 10 na da wajen 107 m²/g, mai 50 kuma 21 kacal. In aikinka na lalata rini ne a ruwa da haske, ko na'urar shinshinar gas, wannan saman shi ne jarinka, amma kuma ƙwayar da ba ta gasu ba cike take da tabon da ke cinye elektiron kafin ya yi aiki, shi ya sa mafi kyawun samfur yakan faɗo a tsakiya ba a ƙarshen jerin ba, kuma ba wanda zai gaya maka inda tsakiyar take sai gwajinka. In kuwa kana son shafe mai wuce da lantarki da kyau, manyan ƙwayoyi masu ƙarancin iyaka sun fi maka.

A nan zan ɗan yi faɗa. Kusan kowane rahoto sai ka ga an rubuta wai tazarar makamashi, wato makamashin da elektiron ke buƙata kafin ya samu 'yancin yawo cikin abin, ta ragu da zafi saboda tasirin kwantum na ƙanƙanta, alhali girman da aka samu daga 20 ne zuwa 45. Tazarar ZnO wajen 3.37 eV ce, kuma radiyos ɗin Bohr na eksiton ɗinsa, wato nisan da ke tsakanin elektiron da gurbin da ya bari, wajen nanomita 2 ne kawai, sai ƙwaya ta sauko 'yan nanomita kaɗan kafin wannan tasirin ya yi ƙarfi. A 20 ba shi ba ne, ka nemi dalilin a wajen tabo, matsi, ko yawan elektiron, ko ma yadda ka ja layin Tauc ɗinka, layin da ake fitar da tazarar da shi daga giraf ɗin shan haske, don layin nan in ka karkata rula kaɗan sai ya ba ka lambar da ranka ke so. A PbS mai radiyos wajen nanomita 18 ko CdSe mai wajen 5 zuwa 6, nan maganar ta zauna. In kana da damar yin PL, wato auna hasken da samfur ke fitarwa in an haska shi, ka duba ƙarfin hasken wajen 380 nm a kan koren da ke wajen 500 zuwa 530, koren daga tabo yake, ko da yake har yau masana na jayayya a kan wane tabon ne takamaimai, don haka kar ka rantse cewa gurbin oksijin ne.

In ba ZnO kake yi ba

ZnO mai sauƙin kai ne saboda tsarinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. TiO2 ba haka yake ba, daga sol-jel yakan fito ba tsari, wajen 350 zuwa 450 °C ya zama anatas mai tsini a 25.3° da tazarar 3.2 eV, in ka doshi 600 zuwa sama ya fara juyewa rutayil mai tsini a 27.4° da 3.0 eV, kuma in ya juye ba ya dawowa. Girma da juyewar a haɗe suke, anatas ya fi zama daram ne in ƙwayar ba ta wuce wajen nanomita 14 ba, tana girma tana neman komawa rutayil, shi kuma rutayil da ya fito sai ya yi ƙato nan da nan. Daidai zafin juyewar ya danganta da haɗinka da dattin da ke ciki, to tsakanin 500 da 700 ka matse tazarar jerinka zuwa digiri 50.

CdS da aka yi a kwamin ruwa yakan fito da tsarin kiyubik, gashi wajen 300 zuwa 400 °C ya juya shi zuwa mai kusurwa shida, amma in ka yi a iskar ɗaki ka yi sama sosai sai oksijin ya ci samansa ka fara ganin tsinin CdO a XRD, don haka naitirojin ko agon ya fi masa. Kadmiyam dafi ne na gaske, ba a gasa shi a fanes ɗin da ke buɗe cikin ɗaki, bututun fitar gas ɗin ya shiga akwatin zuƙe hayaƙi, kaskonsa kuma a ware shi kar wani ya zo gobe ya zuba ZnO a ciki.

Kowane samfur da ya huce ka zuba shi a kwalba mai murfi ka sa a desiketa, mazubin da ke hana danshi shiga, ZnO na shan danshi da iskar kabon a hankali musamman da damina, ka rubuta zafi da lokaci da saurin hawa da irin iskar da kwanan wata a jikin kwalbar, ba a murfin ba, murfi na musanyuwa.